Zaɓen Manhajar Riga-kafi a Gida da Wurin Kasuwanci

Tambayar da masu kwamfuta suka fi yawan yi game da tsaron na'urorinsu ita ce wace manhajar riga-kafi ce ta fi sauran ƙarfi, kuma a kan wannan tambaya kamfanoni suka gina tallace-tallacensu shekara da shekaru, alhali kuwa ita ce mafi ƙarancin amfani cikin tambayoyin da ya kamata a yi kafin a fitar da kuɗi. Manhajar riga-kafi, wato shirin da ake ɗora wa kwamfuta ko waya domin ya gano miyagun manhajoji ya hana su aiki, ba ta iya cikakken aikinta sai an ba ta izinin shiga kowane lungu na na'urar, ta buɗe kowane fayil, ta duba kowane shafin intanet da aka ziyarta, ta kuma riƙa aika wa kamfanin da ya ƙera ta rahoton abin da ta gani. Saboda haka zaɓenta ya fi kama da ɗaukar maigadin da za a damƙa wa makullan gida gaba ɗaya, inda ƙarfin damtse bai isa hujja ba sai an san halinsa, an san wanda yake ba shi umarni, an kuma san wanda zai farka idan ya busa usur cikin dare. Nauyin waɗannan abubuwa a gidan mai kwamfuta ɗaya ya sha bamban da nauyinsu a kamfani mai ma'aikata hamsin, shi ya sa amsar da ta dace da wancan takan zama kuskure ga wannan.

Abin da ake neman kariya daga gare shi ya sauya kama sau da yawa tun daga shekarar 1986, lokacin da wasu 'yan'uwa biyu masu shagon kwamfuta a birnin Lahore na Pakistan suka rubuta Brain, ƙwayar cuta ta farko da ta bazu a kwamfutocin da ke bin tsarin IBM, wadda take bin faifan ajiya daga hannu zuwa hannu ba tare da ta yi wata mummunar ɓarna ba. Ƙwayar cutar kwamfuta, ko bairos, shiri ne da ke liƙe kansa a jikin wani fayil ya riƙa hayayyafa, kuma a yau ƙaramin ɓangare ne na matsalar, domin aikin ya daɗe da tashi daga hannun masu neman suna ya koma hannun masu neman kuɗi. Akwai manhajar da ke shigowa cikin rigar wani abu mai amfani, kamar wasa ko takardar neman biya, sannan ta buɗe wa mai kutse ƙofa. Akwai ta leƙen asiri, wadda ke kwashe kalmomin sirrin da aka ajiye a burauza ta tura su waje cikin 'yan daƙiƙoƙi. Akwai kuma ta garkuwa da bayanai, wadda ke kulle fayiloli da wani lissafi da ba ya warwaruwa sai da mabuɗinsa, sannan ta nemi kuɗin fansa, irin wadda ta yi ƙaurin suna tun bayan ɓullar CryptoLocker a 2013.

Hanyar ganowa ta asali ita ce ta tambari, inda kamfani ke samun samfurin muguwar manhaja, ya ciro wata alama da ta keɓanta da ita, ya rarraba wa abokan cinikinsa jerin alamomin domin a riƙa gwada kowane fayil da su. Wannan hanya tana da inganci a kan abin da aka riga aka sani, sai dai cibiyar gwaji ta AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus tana ƙididdige sababbin samfura sama da 450,000 a kowace rana, da yawansu tsofaffi ne da aka sauya wa fuska domin tambarin ya daina kama su. Wannan ya sa aka ƙara hanya ta biyu, wato lura da ɗabi'a, wadda ba ta damu da kamannin fayil ba sai da abin da yake aikatawa, ta yadda idan wani shiri ya fara kulle ɗaruruwan takardu ɗaya bayan ɗaya za a tsayar da shi ko da ba a taɓa ganin irinsa ba. Sai kuma hanya ta uku, inda manhajar ke tambayar rumbun bayanan kamfaninta ta intanet ko wannan fayil sananne ne, kwamfutoci nawa suka taɓa buɗe shi, kuma yaushe ya fara bayyana. Duk da haka babu cikakkiyar kariya, domin Fred Cohen, ɗaya daga cikin masanan da suka fara nazarin ƙwayoyin cutar kwamfuta a jami'a, ya nuna tun cikin shekarun 1980 cewa ba zai yiwu a rubuta shirin da zai gane kowace ƙwaya ba tare da kuskure ba, kuma a 2014 wani babban jami'in Symantec, kamfanin da ke da manhajar riga-kafi ta Norton a lokacin, ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa riga-kafi irin na da yana tare kusan kashi 45 cikin 100 ne kawai na hare-hare. Duk tallan da ya yi alkawarin kariya ɗari bisa ɗari ya riga ya faɗi abin da masana fannin suka san ba gaskiya ba ne.

Abu na farko da ya fito daga wannan bayani shi ne cewa darajar manhajar riga-kafi tana rataye ne da sabuntawa, kuma a nan ne masu kwamfuta da yawa suke yaudarar kansu ba da niyya ba. Mutum yakan sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta gwanjo, ya tarar da 'yar alamar garkuwa a kusurwar allo kusa da agogo, ya samu natsuwa cewa akwai riga-kafi a ciki, alhali idan ya danna alamar zai ga jan rubutu yana sanar da cewa wa'adin gwaji na kwana 30 ya ƙare tun shekara biyu da suka wuce, jerin tambarin kuma yana nan yadda aka bar shi a ranar. Irin wannan manhaja ta fi rashinta muni, domin tana cin ƙarfin na'ura, tana kuma iya hana kariyar da ke cikin Windows komawa bakin aikinta yadda ya kamata. Inda data take da tsada, ko ake kashe sabuntawa domin tsiminta, wajibi ne mai saye ya tambayi yawan abin da manhajar ke saukewa a wata da kuma yadda take aiki idan babu intanet, tunda wadda ta dogara kacokan a kan tambayar rumbun kamfaninta tana raguwa sosai da zarar layi ya yanke.

Game da ƙarfin ganowa kuwa, akwai cibiyoyi masu zaman kansu da ke gwada manhajojin a kai a kai suna wallafa sakamakon kyauta, manya daga cikinsu su ne AV-TEST da aka ambata, da AV-Comparatives ta birnin Innsbruck a Ostiriya, da SE Labs ta Ingila. AV-TEST tana ba da maki shida a kowane ɗaya daga fannoni uku, wato kariya, da nauyin manhajar a kan gudun kwamfuta, da sauƙin amfani, wanda a nan ake auna yawan ƙararrawar ƙarya, ma'ana lokutan da manhajar ta kama fayil mai tsabta ta ce mugu ne. Wanda ya bi waɗannan rahotanni na tsawon shekara zai lura cewa sanannun sunaye, irin su Bitdefender na Romaniya da ESET na Sulobakiya da Kaspersky na Rasha da Norton da McAfee na Amurka, suna cunkushe ne a saman teburi, tazarar da ke tsakaninsu kuma ba ta taka kara ta karya ba, wanda ya zo na ɗaya a wannan wata yana iya zuwa na biyar a na gaba. Amfanin rahoton shi ne ya fitar da manhajar da ba ta shiga gwaji sam, ko wadda makinta ke hawa da sauka, ko mai yawan ƙararrawar ƙarya. Wannan aibi na ƙarshe ya fi yadda ake zato haɗari, domin mutumin da aka dame shi da gargaɗin banza sau goma zai koyi danna amincewa ba tare da karantawa ba, ko ya kashe kariyar baki ɗaya. Shafukan da ke jera manhajoji goma mafiya kyau kuwa, da yawansu suna karɓar la'ada a kan duk wanda ya saya ta hanyarsu, don haka bai kamata a ɗora su a sikeli ɗaya da cibiyoyin gwaji ba.

Babban sauyin da ya faru a wannan kasuwa shi ne cewa tun daga Windows 8 a 2012 kamfanin Microsoft ya sanya cikakkiyar manhajar riga-kafi a cikin tsarin kansa, wadda a yanzu ake kira Microsoft Defender, kuma ko da yake ta fara da rauni har ana yi mata kallon ma'aunin ƙasa a gwaje-gwaje, ta daɗe tana samun maki kusa da na waɗanda ake saya da kuɗi. Kwamfutocin Apple ma suna da nasu tsarin, XProtect mai duba tambari da Gatekeeper mai hana buɗe shirin da ba a san wanda ya rubuta shi ba. Hukuncin da ya fi dacewa da gaskiya shi ne cewa ga mafi yawan masu amfanin gida, waɗanda ke da Windows na halal mai karɓar sabuntawa kuma suke sauke manhajoji daga shafukan masu su, kariyar da ta zo da na'urar ta wadatar. Biyan kuɗi yana da ma'ana idan iyali suna da na'urori da yawa iri daban-daban da ake son lura da su daga wuri guda, ko ana buƙatar taƙaita abin da yara ke gani, ko kwamfutar tana yawan karɓar fayilolin baƙi, ko kuma mai ita yana son lambar da zai kira a taimake shi idan abu ya rikice. Abin da ba shi da ma'ana ko kaɗan shi ne ɗora manhajoji biyu masu gadi a lokaci guda, domin kowace tana ƙoƙarin riƙe fayil kafin ɗayar, sai kwamfuta ta yi nauyi, kariyar kuma ta ragu.

Sharaɗin Windows na halal mai karɓar sabuntawa shi ne ginshiƙin wannan hukunci, kuma shi ne ya fi wuyar cikawa a wuraren da aka saba sayen kwamfuta an riga an cika ta da manhajojin da aka fasa. Shirin da ake fasa lasisi da shi yakan buƙaci a kashe riga-kafi kafin ya yi aiki, kuma wannan ita ce hanyar da masu satar kalmomin sirri suka fi so, tunda mai kwamfutar ne da hannunsa yake buɗe musu. Muhimmancin faci, wato gyaran da kamfani ke fitarwa domin toshe wata kafa da aka gano a tsarinsa, ya bayyana ƙarara a ranar 12 ga Mayu 2017, lokacin da manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta tilasta wa asibitocin gwamnati a Ingila soke ganin likita kusan 19,000, alhali Microsoft ya fitar da facin wannan kafa tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Tallafin Windows 7 ya ƙare a Janairu 2020, na Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba 2025 in ban da wani ƙarin wa'adi na wucin gadi ga waɗanda suka yi rajista, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Wanda ke da irin wannan na'ura, kuɗin da zai biya wa riga-kafi shekara uku gara ya tara su ya sauya na'urar ko ya koma wani tsari kyauta irin Linux, domin babu manhajar da ke iya cike gurbin facin da aka daina fitarwa.

Akwai wata hanyar yaɗuwa da rahotannin Turai suka rage magana a kanta amma tana nan da ranta a garuruwan Nijeriya da Nijar, wato ƙaramar ma'ajiyar filash da ake yawo da ita tsakanin shagunan buga takardu da ofisoshi da makarantu. Ɗalibi yakan kai aikinsa a buga, ya dawo gida ya soka filash ɗin, ya ga duk manyan fayilolinsa sun koma 'yan alamomi masu ƙaramar kibiya a gefe, kuma da zarar ya danna ɗaya domin neman takardarsa ya kunna ƙwayar a kwamfutarsa, ainihin fayilolin kuwa suna nan an ɓoye su ne kawai. Mai shagon da kwamfutarsa ke karɓar filash ɗin jama'a daga safe zuwa dare yana cikin mutanen da biyan kuɗin riga-kafi ya fi cancanta a gare su, kuma abin da zai nema shi ne manhajar da ke duba ma'ajiya da kanta da zarar an soka ta, mai iya ganowa ba tare da intanet ba.

Batun amana ya fi fitowa fili a manhajojin kyauta, domin kamfanin da ke ba miliyoyin mutane kariya ba tare da karɓar kuɗi ba dole yana da inda yake mayar da jarinsa, ko dai ta hanyar matsa wa mai amfani da tallan sigar kuɗi, ko ta hanyar bayanansa. A Janairu 2020 binciken 'yan jarida ya bayyana cewa Avast, kamfanin ƙasar Cek mai ɗaya daga cikin manhajojin kyauta mafiya yaɗuwa, yana tattara tarihin shafukan da masu amfani suka ziyarta yana sayarwa ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot; kamfanin ya rufe reshen cikin kwanaki, kuma a Fabrairu 2024 Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka ta ɗora masa biyan dala miliyan 16.5. Yana da kyau kuma a san cewa yawan sunaye a kasuwa ba ya nufin yawan kamfanoni, domin Avast ya sayi AVG a 2016, NortonLifeLock mai Norton ya sayi Avira, sannan shi da Avast suka haɗe a 2022 ƙarƙashin sunan Gen Digital, ta yadda wanda ya bar ɗaya cikin fushi ya koma ɗaya bai fita daga gidan ba.

Wani fannin amanar ya shafi ƙasar da kamfani ya fito da kuma gwamnatin da ke da ikon tilasta shi. Amurka ta hana hukumominta amfani da Kaspersky a 2017, hukumar tsaron bayanai ta Jamus ta yi gargaɗi a kansa a Maris 2022 bayan Rasha ta mamaye Yukiren, sannan a Yuni 2024 Ma'aikatar Kasuwancin Amurka ta haramta sayar da shi a ƙasar, sabuntawarsa kuma ta tsaya a ƙarshen Satumba na shekarar. Kamfanin ya musanta cewa yana yi wa wata gwamnati aiki, ingancin ganowarsa kuma bai ragu a gwaje-gwaje ba, domin hujjar haramcin ta tsaya ne a kan abin da hukumomin Rasha za su iya sa shi yi. Adalci ya buƙaci a ce wannan hujja tana hawa kan kowane kamfani da gwamnatinsa, na Amurka ma bai tsira daga gare ta ba. Ga magidanci a Kano ko Maraɗi wannan batu ba shi da nauyi sosai, amma ga kamfanin da ke hulɗa da bankunan waje, ko mai karɓar kwangila daga ƙungiyoyin da ke bin dokokin Amurka da Turai, ko ma'aikatar gwamnati mai riƙe da bayanan sirri, tambaya ce da za a amsa kafin a duba farashi.

Farashin kansa yana da nasa tarko, domin abin da ake tallatawa galibi na shekarar farko ne, na shekara ta biyu yakan ninka ko ya fi haka, kuma ana cire shi daga katin banki kai tsaye ba tare da an sake neman izini ba. Wannan ɗabi'a ta kai ga hukumar kula da gasa ta Birtaniya ta sa McAfee da Norton suka ɗauki alkawari a 2021 na sauƙaƙa soke rajista da mayar da kuɗi. Ga mai samun kuɗinsa da naira, wanda ya ga yadda darajarta ta faɗi tun daga 2023, lasisin da aka yanke da dala yana iya tsada ninki biyu ko da kamfanin bai ƙara sisi ba, saboda haka saye daga amintaccen dillali na cikin gida da kuɗin ƙasa ya fi kwanciyar hankali, muddin an guji lambobin lasisi masu arhar banza, waɗanda sukan kasance na sata ne ko na wani yankin duniya da za a toshe bayan makonni. Kayan da ake haɗawa cikin kunshi ɗaya kuma ba darajarsu ɗaya ba: ma'ajiyar kalmomin sirri tana da amfani na gaske, VPN, wato rufaffiyar hanyar da ke ɓoye zirga-zirgar intanet daga mai gidan Wi-Fi, ba ya hana ƙwayar cuta shiga, masu share shara da ƙara gudu kuwa yawanci ado ne. Shafin da ya buɗe kansa yana kururuwar cewa an gano ƙwayoyi a na'ura, yana ba da lambar kira ko maɓallin saukewa, shi kansa damfara ne.

A wayar hannu lissafin ya sake sauyawa. Tsarin iPhone yana killace kowace manhaja a ɗakinta, ba ta iya leƙa na wata, don haka abin da ake sayarwa da sunan riga-kafi a can tace shafuka ne kawai da makamantansa. Android tana da Google Play Protect tun 2017, kuma babban haɗarinta yana zuwa ne daga manhajojin da ake turawa hannu da hannu ko a sauke daga wajen shagon Google, da kuma izinin da ake bayarwa ba tare da dubawa ba, kamar manhajar tocila ko ta bashi da ke neman karanta saƙonni da lambobin mutane. A 2019 AV-Comparatives ta gwada manhajojin riga-kafi 250 na Android, ta samu 80 ne kawai suka iya gane fiye da kashi 30 cikin 100 na miyagun samfuran ba tare da ƙararrawar ƙarya ba, wanda ke nuna cewa sauke wadda ba a san kamfaninta ba ƙarin haɗari ne.

Idan aka koma wurin kasuwanci, bambancin da ke tsakanin sigar gida da ta kamfani yana cikin gudanarwa ne, injin ganowar kuwa sau da yawa ɗaya ne. Sigar kamfani tana zuwa da allon kulawa guda, inda mutum ɗaya zai ga dukkan kwamfutoci, ya san wadda ta yi mako ba ta sabunta ba, ya hana ma'aikaci kashe kariya, ya toshe amfani da filash a sashen kuɗi, ya kuma ware na'urar da ta kamu daga sauran ko da tana wani gari. A saman wannan akwai tsarin da ake kira EDR, wanda ke rubuta duk abin da ya gudana a kowace na'ura domin a bi sawun mai kutsen da ya shigo da kalmar sirri ta gaskiya yana amfani da kayan aikin Windows ɗin kansu, irin kutsen da babu wani mugun fayil a cikinsa da za a kama. Amma wannan tsari yana haifar da gargaɗi mai yawa, kuma gargaɗin da babu mai karanta shi daidai yake da babu. Kamfanin shaguna na Target a Amurka ya zama misali a 2013, lokacin da aka sace bayanan katin kuɗi kusan miliyan 40 duk da cewa na'urorin tsaron da ya kashe kuɗi mai yawa a kansu sun yi gargaɗi, ba a dai ɗauki mataki a kan lokaci ba. Ƙaramin kamfanin da ba shi da ma'aikacin tsaro na dindindin, ko dai ya ɗauki hayar masu sa ido dare da rana da ke bayar da wannan hidima, ko ya tsaya a kan siga mai sauƙi da zai iya riƙewa. Sayen babban tsari a bar shi ba mai duba shi ɓarnar dukiya ce.

Ikon da ake ba waɗannan manhajoji a can cikin zuciyar tsarin kwamfuta yana nufin kuskurensu ma babba ne. A ranar 19 ga Yuli 2024 wata gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da na'urorin Windows kusan miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya, ba tare da hannun wani mai kutse ba. Darasin da ke ciki ga mai saye shi ne ya tambayi ko ana iya sakin sabuntawa kashi-kashi, a fara da 'yan kwamfutoci kafin sauran, sannan ya gwada manhajar na makonni a kan ainihin shirye-shiryen da kasuwancinsa ya dogara da su, musamman na lissafin kuɗi da na kantin sayarwa da aka rubuta a cikin gida, waɗanda riga-kafi ya fi yawan ɗauka a matsayin baƙi ya toshe su.

Mafi girman asarar da kamfanoni ke yi kuwa tana bi ta ƙofar da riga-kafi ba ya tsaye a kanta. Akawu yakan samu saƙon imel daga adireshin dillalin da suka shekara suna hulɗa, cikin jerin saƙonnin da suka saba, da takardar biya mai tambarin da ya sani, sai dai layi ɗaya a ƙasa yana cewa an sauya asusun banki. Babu ƙwayar cuta a ciki, an dai sace kalmar sirrin akwatin dillalin ne aka zauna ana karanta wasiƙunsa har lokacin biya ya zo. Hukumar FBI ta Amurka ta ƙididdige asarar kusan dala biliyan 2.9 daga wannan nau'in damfara a ƙorafe-ƙorafen da ta karɓa a 2023 kaɗai. Harin da ya rufe bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka a Mayu 2021, har kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4, ya fara ne da kalmar sirri guda ta wani tsohon asusu da ba shi da tabbaci na biyu. Tabbaci na biyu, wato neman ƙarin lamba daga waya ko wani ɗan mabuɗi bayan kalmar sirri, kusan kyauta ne, haka ma ƙa'idar cewa ba a sauya asusun biya sai an kira dillali ta lambar da aka sani tun da, kuma su biyun sun cancanci a sa su gaba da kowace irin manhaja a kasafin kuɗin tsaro.

Haka nan ajiyar kwafi, domin ita kaɗai ce ke sa kamfanin da aka kulle wa bayanai ya iya ƙin biyan fansa. Ƙa'idar da aka saba ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban ba a haɗe da sauran ba, tunda masu garkuwa da bayanai sukan fara neman ajiyar su lalata ta kafin su kulle sauran. Lokacin da muguwar manhajar NotPetya, wadda ta ɓullo ta cikin sabuntawar wata manhajar haraji ta Yukiren a Yuni 2017, ta shafe tsarin kamfanin jiragen ruwa na Maersk, sai da aka sake gina kwamfutoci 45,000 da manyan na'urorin ajiya 4,000 cikin kwana goma, kuma abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne kwafi ɗaya na rajistar masu amfani da ya tsira a wani ofishin kamfanin a Afirka ta Yamma, saboda ɗaukewar wutar lantarki ta raba na'urar da layi a lokacin harin. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba bai kamata a lissafa shi cikin ajiya ba.

Doka ma ta shigo cikin lissafin, domin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane, asibiti ne ko makaranta ko kamfanin bayar da bashi, ya ɗauki matakan tsaro da suka dace, ya kuma sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin sa'o'i 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, tarar kuma tana iya kaiwa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara. Ba a iya rubuta irin wannan sanarwa sai an san ranar da aka shigo, da na'urar da aka fara taɓawa, da bayanan da aka kwashe, kuma sigar gida ba ta ajiye wannan tarihi yadda za a iya amfani da shi. Don haka kafin a sa hannu a yarjejeniya ya kamata a samu amsa a rubuce kan tsawon lokacin da ake ajiye tarihin abubuwan da suka gudana, da ƙasar da ake ajiye shi, da wanda za a kira idan kutse ya auku a daren Juma'a ko ranar Sallah, da kuma ko kamfanin zai iya sauke tarihin nasa ya tafi da shi idan ya yanke shawarar sauya dillali.